Gadon ja-in-ja: neman sunan Hausa ga na'urar motsa jiki mai sifirin

Assalamu alaikum, ma'abota harshe. Yau ma da ƙoƙon barata na zo. Kalma nake nema, sai dai ta wannan karon daga gida aka turo min shari'arta.

'Yar yayata da ke aikin jinya a Amurka ta kira mahaifiyarta ta ce za ta shiga wani kwas, tana so ta riƙa koyar da motsa jiki a ranakun hutunta, a kan wata na'ura da ake ce wa reformer. Yaya ta ce, "Mece ce kuma rifoma?" Yarinya ta yi ta kame-kame, ƙarshe ta ce, "Umma, kamar gado ne." Yaya ta ce, "Ikon Allah! Ki wuni a kan gadajen asibiti, sannan ki kwashi kuɗi ki kai a koya miki kwanciya?" Daga nan aka ce a kira Kawu, tunda shi ke cin abinci da fassara.

Na buɗe ƙamus, ya ba ni "mai gyara" da "mai kawo sauyi". Manhajar fassara ta waya ta fi ƙarfin hali, ita "mujaddadi" ta ce. A ƙasar da in an ce Mujaddadi kowa ya san Shehu Usmanu ake nufi, ba za mu naɗa wa katako da ƙarfe wannan rawani ba. Wani abokina ya ce to a ce "gadon gyaran hali". Na ce masa gidan yari ya riga mu.

Sai na ce ta nuna min abin in gani da idona. Ta jingina waya da bango a wurin da take zuwa atisaye. Ga abin da na gani: firam ne dogo, ya fi gadon mutum ɗaya siranta, tsawonsa ya haura mita 2. A cikinsa akwai wani allo mai laushi kamar siririyar katifa, zaune a kan 'yan tayoyi, yana kai da kawowa a kan layi kamar tarago. Ta kwanta rigingine a kai, kafaɗunta suka tokari wasu dunƙule biyu, ta ɗora tafin ƙafa a kan wani ƙarfe da ke gicciye a ƙarshen gadon, ta tura. Allon ya tafi da ita baya, sai ga wasu sifirin a ƙarƙashi sun miƙe. Wajen dawowa na ga inda gizo ke saƙar. Sifirin na son fizgo ta gida da gudu, ita kuma tana hana shi, tana saki kaɗan-kaɗan har allon ya sauka shiru. Ta ce in aka ji ƙwas, malama za ta ce a sake. A ɗaya ƙarshen akwai igiyoyi biyu masu madauki a baki, inda ake zura hannu ko ƙafa a ja.

To wannan ce abar da ba ta da suna a bakinmu.

Kafin ku fara jefo shawara, ga asalinta a taƙaice. Mai ita Bajamushe ne, Joseph Pilates, an haife shi a garin Mönchengladbach a 1883. Yaƙin Duniya na Ɗaya ya ritsa da shi a Ingila, aka tsare shi tare da sauran Jamusawa, har aka kai shi sansanin Knockaloe a tsibirin Man. Labarin da ya shahara a bakin almajiransa shi ne a can ya fara ɗaura sifirin a jikin gadajen marasa lafiya, don su motsa gaɓoɓi suna kwance. Kun ga ashe yarinyar da ta ce "kamar gado ne" ba ta yi nisa da gida ba. A 1926 ya koma birnin New York, shi da abokiyar zamansa Clara suka buɗe wurin horo a gida mai lamba 939 kan titin Eighth Avenue. 'Yan rawar dandamali suka zama manyan masu zuwa, irin su George Balanchine da Martha Graham suna turo masa 'yan rawarsu da suka ji rauni. Shi bai kira tsarin da sunansa ba, Contrology ya raɗa masa, wato ilimin sarrafa jiki. Na'urar kuwa Universal Reformer ya ce, mai gyara jiki gaba ɗaya. Akwai ma wani babban gadon nasa da har yau ake kira Cadillac, sunan mota. Su ma masu abin ba ƙamus suka buɗe ba.

Sunan tsarin, wanda yau ake kira Pilates da sunan mai shi, ba matsala. Bakin Bahaushe zai mai da shi Filatis ko mun yarda ko ba mu yarda ba, kamar yadda ya yi wa fanka da famfo. Na bar shi haka.

Na dawo bayan na baza cigiyar tare da bidiyon na'urar, shawarwarinku sun shigo. Wani dattijon bakanike a Ƙofar Ruwa ya turo min saƙon murya, ga shi na rubuta muku yadda ya faɗa:

"Malam, wahalar me kake ba kanka? Sifirin dai sifirin ne, tun muna yara haka muke ce masa. Amma iri-iri ne fa. Akwai na ƙarƙashin babbar mota mai ganye-ganye. Akwai na dannawa, irin na cikin biro da na shokozoba. Akwai na ja, mai ƙugiya kai da gindi, irin wanda ke mayar da birkin babur. Wannan da na gani a bidiyon 'yarka na ja ne. Ka ce gadon sifirin ka huta."

Baba, na gode, kuma rabin maganarka na karɓa hannu bibbiyu. Kalmar sifirin ta zauna a Hausa, ta yi 'ya'ya da jikoki, babu dalilin da za mu tsaya ƙera mata kishiya. Masu ce min a ce "murɗaɗɗiyar waya mai talewa", ku faɗe shi sau uku da sauri ku ji. Inda na tsaya shi ne "gadon sifirin" yana da mai shi. Duk wanda ya tashi a ɗakin kaka ya san gadon ƙarfen nan mai rumfa, irin su Vono, da ragar sifirin a ƙarƙashin katifar rimi. Mun yi tsalle a kansa har ya yi kwari a tsakiya, mun sha rankwashi a kai. In na ce wa Yaya 'yarta za ta koyar a kan gadon sifirin, wancan hoton za ta gani, mu koma gidan jiya.

Wata malama mai koyar da Hausa a kwaleji ta rubuto:

"Ranka ya daɗe, ai zuciyar abin ita ce turjiya. Kana turawa, yana turjewa. Turawan ma da wannan siffar suke bambanta shi da ɗaga ƙarfe. Ina ganin gadon turjiya ya yi, ga shi gajere."

Malama, wannan ta zauna min har na kwana da ita. Turjiya ta shiga kundi, duk inda aka zo maganar ƙarfin da sifirin ke mayarwa da ita zan yi aiki. Yarinyar ce ta ɓata mana lissafi. Ta ce, "Kawu, ai ba kullum yake turjewa ba, wani lokacin shi ke riƙe ka." Ta sake jingina waya. Ta dafa ƙarfen gaba da hannu biyu, ƙafafu a kan allon, jiki a miƙe sambal kamar mai shirin fuskantar ƙasa. Da sifirin biyu a maƙale ta yi gaba ta yi baya lafiya lau. Ta sauka ta cire ɗaya, ta bar mai laushi. Na zaci sauƙi ya samu. Ina! Allon ya riƙa neman sulluɓewa daga ƙarƙashinta, cikinta na rawa, ba ta yi biyar ba ta dire. A wannan motsin, rage sifirin ƙara wahala ne, domin aikin da yake yi na dawo da allon ya koma kan naman ciki. A motsin tura ƙafa kuwa akasin haka ne, ƙarin sifirin ƙarin nauyi.

Akwai kuma wani halin nasa da mai ɗaga ƙarfe bai saba da shi ba. Kilo 10 na ƙarfe kilo 10 ne daga ƙasa har sama. Sifirin kuwa gwargwadon yadda ka tale shi, gwargwadon yadda yake ja. Ku tuna sikelin rataye na masu awon kaya: buhu ya ƙara nauyi, sifirin ya ƙara miƙewa, allura ta ƙara sauka. Baturen Ingila Robert Hooke ya bayyana wannan ƙa'ida tun 1678. Saboda haka a kan gadon nan farkon turawa da sauƙi, ƙarshenta ne mai gumi. Sunan da ya kama ɓangare ɗaya kawai ya bar rabin labarin a waje.

Masu cewa amalanke, lilo, da wanda ya ce "makara mai taya", duk na gan ku. Na ƙarshen, Allah ya shirye ka.

Wasu kuma sun kawo abin kirki ta gefen da ban zata ba. Wani mai kiwon dawaki ya ce madaukan da ake zura ƙafa ai likkafa ce, ba sai an nemo wata ba. Gaskiyarsa, na karɓa. Ya so ya ƙara da linzami a kan igiyoyin, na ce a'a, igiya ta ishe su. Ƙarfen da ake tokarawa da ƙafa, matokari. Allon da ke kai da kawowa, wani tsohon masaƙi ya ce ƙoshiya, don haka take yi a tsakanin zare. Kalmar ta yi kyau ƙwarai, amma matasa nawa suka taɓa ganin masaƙa? In ka ce ƙoshiya yau, ludayi za a miƙo maka. Tarago ya fi kusa da kunne.

Sunan gadon kansa, ba daga cikinku ya fito ba, ku yi haƙuri. Na tura wa Yaya bidiyon nan na biyu. Ta kalla, ta sake kalla, sai ta kira ni ta ce, "Au, ashe ja-in-ja take yi da ƙarfe." Na yi shiru. Kwana uku ina juya ƙamus. Ka ja, ya ja. Ka saki, ya tafi da kai. Ka fi shi, ya bi ka. Turjiyar na ciki, tallafin na ciki, kai da kawowar ma na ciki. Gadon ja-in-ja. Masu cewa sunan ya fi dacewa da turakar mai mata biyu, wannan tsakaninku da iyalanku.

Wani alherin sunan shi ne bai zama na kamfani ɗaya ba. Akwai wata na'urar da ake kira Megaformer, ta wani Bafaranshe mazaunin Los Angeles, Sebastien Lagree. Ita ma tarago ne da sifirin, amma ta fi girma, ana yin ta a hankali ƙwarai ba hutu har jiki ya ɗau rawa, kuma mai ita da kansa yana cewa tsarinsa ba Filatis ba ne. A Hausa duka biyun gadon ja-in-ja ne, sai a ƙara da na wane.

Yanzu ga rabin shari'ar da ya fi tsada, don a nan kuɗin yarinya zai tafi. Ta turo min tallace-tallacen kwas uku. Na farko na ƙarshen mako ɗaya ne. Na biyu na 'yan watanni, gado kawai. Na uku ya kusa shekara ko fiye. Kowannensu ya rubuta kalma ɗaya da manyan baƙaƙe: certified. In na fassara wa Yaya, duka "satifiket" zan ce, ita kuma za ta ce a ɗauki mai araha, kuma ba ta yi laifi ba. Kalma ɗaya ta rufe abu uku.

Dalilin wannan ruɗani yana da tarihi. Pilates ya rasu a 1967, almajiransa suka watsu kowa na koyarwa yadda ya karɓa: Romana Kryzanowska, Carola Trier, Ron Fletcher, Eve Gentry, Kathy Grant, Lolita San Miguel da sauransu. Daga baya wani ya yi iƙirarin mallakar sunan, yana aika wa masu amfani da shi takardun gargaɗi. Aka je kotu. A watan Oktoba na 2000 wata kotun tarayya a New York, ƙarƙashin mai shari'a Miriam Cedarbaum, ta yanke cewa Pilates sunan nau'in motsa jiki ne kamar yoga, ba hajar kowa ba. Hukuncin ya 'yanta malamai na gaskiya, ya kuma buɗe ƙofa ga duk wanda ya ga dama. Gwamnatin Amurka ba ta ba da lasisin wannan sana'a kamar yadda jihohi ke ba ma'aikatan jinya. Wanda ya sayi gado jiya zai iya buga takarda yau ya sa hannu. Don haka kalmar lasisi mu ajiye ta gefe, kada mu yaudari kowa da ita.

A 2001 aka kafa ƙungiyar Pilates Method Alliance don a sa wa abin ƙa'ida. Daga cikinta jarrabawar da yanzu hukumar NPCP ke gudanarwa ta fito. Ba makaranta ba ce, ba ta koyar da kowa, jarrabawa kawai take yi. Kafin ka zauna sai ka kawo shaidar horo na aƙalla awa 450, wanda ya haɗa tabarma, gado, kujera da sauran kayan, da darasin sassan jiki, da awannin kallon gwani yana koyarwa, da awannin da kai ka koyar. Bayan ka ci, duk shekara biyu sai ka sabunta da ƙarin karatu. Makarantun da ke ba da horon daban suke: Balanced Body a Sacramento, STOTT na kamfanin Merrithew a Toronto, BASI na Rael Isacowitz, Polestar a Miami da ya fi karkata ga masu gyaran gaɓɓai, da masu bin tsohon tsari sak irin na zuriyar Romana.

Wani malamin zaure ya ce, "Ɗana, abin da kake kwatantawa ai ijaza ce. Wane ya karɓa daga wane, har zuwa mai littafi." Allah ya gafarta Malam, kamar ka leƙa. Masu tsohon tsarin haka suke ƙirga kansu, wannan ɗalibin almajirin farko ne, wancan jika ne. Silsila ce sosai. Amma ijaza tana da alfarmar da ba na so in ja ta zuwa ɗakin motsa jiki, kuma ba ta kama jarrabawar baƙon da bai taɓa koyar da kai ba.

Wata tela ce ta warware min. Ta ce, "Yaya, a wurinmu wadda ta zo bita ta kwana biyu daban, wadda aka yaye daban." Shi ke nan. Ta ƙarshen mako, takardar halarta: ta nuna ka zo ka zauna. Wadda makaranta ke bayarwa bayan ka cika awanninka ka koyar a gaban malamanka, takardar yaye. Wadda wata hukuma ta daban ke bayarwa bayan ta jarraba ka, shaidar ƙwarewa. Da na jera wa Yaya su haka, ita da kanta ta ce, "To wa zai ba 'yar bita bayansa?"

Ba ina cewa gajeren kwas banza ba ne. Horon farko na Lagree na 'yan kwanaki ne, kuma shi wuraren da ke da na'urarsa suke nema, don haka wanda can ya nufa, hanyarsa ke nan. Wanda ya riga ya ƙware kuma yana iya zuwa bita ya ƙaro wani abu. Abin da na ƙi shi ne a sayar wa sabon shiga takardar halarta da sunan yaye.

Ga abin da na ce wa 'yar tawa, tunda ta tambaye ni. Ta fara zuwa wuraren da take so ta yi aiki ta ji wace takarda suke karɓa, kafin ta biya ko sisi. Ta tambayi makarantar awa nawa ne na koyarwa a gaban mai gyara mata, don kallon bidiyo ba ya nuna maka cewa ƙugun ɗalibi ya karkace. Ta tambayi kuɗin da ba a rubuta a talla ba: na jarrabawa, na littattafai, na hayar gado don cika awanni, na inshora. Ta kuma duba irin gadon da za a koya mata a kai. Na tsohon tsari sifirin huɗu ne masu ƙarfi ɗaya. Na zamani galibi biyar ne masu launi, kuma launin ba ɗaya ba ne a kowane kamfani. A na Balanced Body rawaya ne mafi laushi, sai shuɗi, sai ja, kore ne mai nauyi. Wanda ya haddace "ja biyu, shuɗi ɗaya" bai san dalili ba, ranar da aka canza masa gado ya zama baƙo, ɗalibinsa kuma yana tsaye a kan abu mai taya.

Ita musamman, da zarar an ji ma'aikaciyar jinya ce, masu ciwon baya da masu juna biyu da tsofaffi masu raunin ƙashi wurinta za su taru. Mai raunin ƙashi ba a sa shi ya riƙa naɗe baya gaba da nauyi, kuma motsin Filatis da yawa haka suke. Wannan ba ilimin kwana biyu ba ne. Na ce ta yi dogon, ko da kashi-kashi za ta biya, makarantu da dama suna yarda a fara da tabarma da gado, a ƙarasa sauran daga baya.

Sunan mai sana'ar ban tsaya ja a kai ba. Koci na 'yan ƙwallo ne. Mai horarwa ya wadatar.

Saura kalma ɗaya da ta gagare ni, na bar muku ita: abin da suke kira core, naman da ya kewaye ciki da ƙugu da gadon baya, wanda duk motsin daga nan yake tashi. An ce min tsatso, an ce kwankwaso, an ce mara, kowanne gefe ɗaya ya kama. Wani ya ce ɗamarar jiki, ita nake juyawa yanzu.

Gargaɗi ɗaya ga masu ɗaukar sabon sunan: kada ku yar da kalmar gado. Jiya Yaya ta gaya wa maƙwabciyarta cewa 'yarta ta shiga karatun ja-in-ja a Amurka. Matar ta ce, "Masha Allah! Lauya za ta zama ke nan?"